Babakere a kasuwar mai: a ba ɗan jarida lokacin tono

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tsoma baki kan maganar babakere a harkar mai, wadda ba ta ƙarewa a bakin jama'a. Abin da ke damuna shi ne, a mafi yawan abin da ake rubutawa zargi ya fi hujja yawa. Wannan ya ce wane ya danne kasuwa, wancan ya ce hassada ce, a watse ba a ga takarda ko ɗaya ba. Shi ya sa nake son tuna mana yadda aka yi da kamfanin Standard Oil a Amurka.

John D. Rockefeller ya kafa kamfanin a birnin Cleveland a 1870, lokacin da kananzir na fitila ne babbar hajar mai. Cikin kusan shekara goma, wajen kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar ya koma hannunsa. Masu kare shi suna cewa ya iya tsimi da tsari, kuma kananzir ya yi araha a zamaninsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba iya nan maganar ta tsaya ba. Sirrin yana wajen kamfanonin jirgin ƙasa masu dakon mai. Suna yi masa rangwame a ɓoye, wani lokacin ma har a yanki wani abu daga kuɗin dakon da abokin gogayyarsa ya biya a miƙa masa. Wani mai ƙaramar matata a Marietta, George Rice, an caje shi santi 35 na dalar Amurka kuɗin dakon kowace ganga, Standard na biyan santi 10, sauran 25 ɗin na Rice kuma an shirya su faɗa aljihun Standard. Wato da guminka ake ciyar da mai neman karya ka. Tun a 1872, tsoron irin wannan shiri ya sa matatu 22 cikin 26 na Cleveland suka sayar masa da kansu cikin 'yan makonni.

Doka kuwa akwai ta. Majalisar Amurka ta yi dokar Sherman a 1890 don hana haɗa baki a danne kasuwa, amma ta daɗe ba ta taɓa Standard ba.

Wadda ta motsa lamarin wata 'yar jarida ce, Ida Tarbell, da ta tashi a yankin rijiyoyin mai na Pennsylvania, inda mahaifinta ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun kamfanin. Tana da dalilin yin zagi, amma ba zagi ta yi ba. Ta zauna da bayanan shari'o'i, da shaidar da aka bayar gaban kwamitocin bincike na majalisu, da tsofaffin yarjejeniyoyi, abubuwan da ke ajiye a fili amma babu mai haƙurin karanta su. Ta kuma riƙa zuwa ofishin kamfanin a New York tana jin ta bakin Henry Rogers, ɗaya daga cikin manyansa, don kada a ce ta ji ɓangare guda. Mujallar McClure's ta fara buga binciken a Nuwamban 1902, kashi 19 har zuwa 1904. A ciki ta nuna yadda ake samo bayanan kayan 'yan kasuwa masu zaman kansu daga ma'aikatan jirgin ƙasa, a san inda mai zai sauka, a riga shi zuwa a karya farashi har sai mai shi ya durƙushe.

A nan nake son ku dube ni, ranka ya daɗe. Mai mujallar ya riƙa biyan wannan baiwar Allah albashi tsawon shekaru a kan labari guda. Wane gidan jarida ne yau zai bar wakilinsa ko da wata uku yana tonon takardun kotu ba tare da an ce ya kawo labarin taron manema labarai ba?

Gwamnatin Theodore Roosevelt ta shigar da ƙara a 1906, a ranar 15 ga Mayun 1911 kuma Kotun Ƙoli ta ce a wargaza Standard Oil, aka raba shi gida 34. A 1914 aka ƙara dokar Clayton don ƙarfafa ta Sherman, aka kafa hukumar sa ido kan gasar kasuwanci. Abin dariya, Rockefeller ƙara kuɗi ya yi, domin yana da hannun jari a duk 'ya'yan kamfanin kuma darajarsu ta tashi. Mobil da Chevron da muka sani a Najeriya daga wannan tsatso suke, kuma biyu daga cikin manyan 'ya'yan, Exxon da Mobil, sun sake haɗewa a 1999. Kotun ma ba ta ce girman kamfani laifi ba ne, hanyar da aka bi aka girma ta hukunta.

Mu ma yanzu muna da dokar gasa da kare masu saye, da hukumar FCCPC mai tabbatar da ana bin ta, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Roƙona shi ne ku ware wakili ɗaya ko biyu, ku ɗauke musu aikin yau da gobe, su bi mana lasisin shigo da mai, da yarjejeniyar dako, da kuɗin daffo, su buga mana abin da takardun suka ce ko da ya wanke wanda ake zargi.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Gusau