Inda ya dace a ɗaura na'urar auna zafin ruwa a injin babbar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana kanikawa da masu manyan motoci kan wani aiki da ake ɗauka ƙarami, alhali yana cikin abubuwan da ke sa injin tirela ya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin jikin injin da murfinsa, a tsakiyar hanya.

Da yawa daga cikin tsofaffin DAF da MAN da Marsandi da ke ɗaukar kaya tsakanin Arewa da Kudu agogonsu na zafi ya daɗe da mutuwa, don haka ake sayo sabo a ƙara. Wajen ɗaura sansar da ke aika wa agogon saƙo ne ake samun matsala, domin akan nemi wurin da hannu ya fi saurin kaiwa: a yanka tiyon lagireto na sama, a cusa ɗan bututun ƙarfe, a murɗa sansar a jiki, shi ke nan.

Tiyon nan yana bayan tamostat ne, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya yi zafi. Tamostat ɗin injin dizal yakan fara buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 85, kuma kafin ya buɗe ruwan cikin injin ba ya bi ta tiyon. Ranar da ya maƙale a rufe, ruwan da ke cikin tof-silinda, wato murfin saman injin, zai yi ta tafasa, na cikin tiyo kuwa yana nan da ɗan ɗuminsa, allurar agogo tana kwance, direba yana hawan Kibo, tudun nan na hanyar Jos, da cikakken lodi hankalinsa kwance. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar agogon ne zai yi shiru. Tiyon ƙasa kuwa ya fi wannan muni, domin ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya ne ke bi ta cikinsa.

Wurin da ya dace shi ne inda ruwa ke fitowa daga tof-silinda kafin ya isa tamostat, ko a jikin tof ɗin kansa, ko a gidan tamostat ta ɓangaren injin, domin a nan ne ruwan ya gama kwasar zafin silindoji. Injuna da dama suna da rami a wannan wuri wanda kamfani ya toshe da noti. A duba shi kafin a kama yanka. Dole ne kuma bakin sansar ya nutse cikin ruwan da ke gudu. Idan aka jera mahaɗi biyu ko uku don zaren da ake murɗa sansar da shi ya yi daidai, bakin yakan tsaya can sama cikin iska ko ruwan da ba ya motsi, sai agogo ya riƙa makara. Haka nan a nisanta ta da wayarta daga bututun hayaƙi.

Akwai kuma batun wuta. Sansa mai waya ɗaya ta jikin ƙarfen injin take kammala zagayen wutarta, saboda haka idan aka naɗe zarenta da farin tef na masu famfo har ya yi kauri, ko aka ɗaura ta tsakanin roba da roba ba a ja mata waya zuwa jikin injin ba, abin da agogo zai nuna ba abin dogaro ba ne. Kuma kowane agogo da irin sansarsa, ba a haɗa na wani kamfani da ta wani. A sababbin motoci masu kwamfuta, kada a cire sansar kwamfutar ko a yanki wayarta don a ciyar da agogo, domin da ita injin ke daidaita man da yake sha.

Na san wasu za su ce ai su tuni suka cire tamostat saboda zafin ƙasarmu, don haka tiyon sama ya wadatar. Ban goyi bayan cire shi ba, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa yana ƙara shan mai da saurin lalacewa. Ko an cire shi ma, idan ruwa ya zube tiyon sama ne ke fara bushewa, sai sansar ta koma auna iska. Shi ya sa nake shawartar mai mota, idan da hali, ya ƙara na'urar da ke yin ƙara idan ruwan lagireto ya ragu.

Na gode.

Naka,
Wani makanikin manyan motoci,
Kaduna.