A riƙa rubuta sakamakon gwajin yara yadda iyaye za su gane

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga likitocin yara. Ɗana ya shekara 3 bai fara haɗa kalma biyu ba, abin da yawancin yara ke yi tun suna shekara 2. Muka kai shi asibiti, aka gwada jinsa da maganarsa, aka miƙo mana takarda shafi 4 cike da Turancin likitoci. Mahaifinsa fa malamin makaranta ne, amma ya kasa gane inda ta dosa. Kwana uku ban runtsa ba.

Don Allah a ƙara ko shafi ɗaya ne da Hausa, a faɗa mana abin da aka gano, da abin da za mu riƙa yi masa a gida, da ranar komawa.

Wata uwa, daga Zariya