Godiyar ɗan tela ga masaƙar Stanfield's ta garin Truro

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan masaƙar Stanfield's, Truro, lardin Nova Scotia, Kanada.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ban san ko ɗaya daga cikinku ba, ku ma ba ku san ni ba. Ni mutumin Kano ne, ɗan unguwar Fagge, yanzu ina zaune a birnin Winnipeg na nan Kanada ina aikin gini. Bana hunturu na biyar ke nan ina sanye da dogon wandon ciki na ulu da kuka saƙa, kuma na daɗe ina jin bashin godiya a wuyana. Da Hausa na rubuta saboda da ita godiya take fito mini daga zuci, kuma ina so 'yan uwana masu shirin tahowa ƙasar nan su karanta tun kafin su ɗaure kaya. In an sami mai fassara muku, madalla.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne. A gindin kekensa na tashi, ina tsintar ƙyallaye, ina zura zariya a wandunan da ya gama, ana aike na Kantin Kwari sayen zare da shafi. Shi ya koya mini cewa wando a wuri uku ake gane shi: ƙugu, hantsa, da bakin ƙafa. Aikin wuyan riga kowa yana gani ya yaba, amma hantsa mai wando ne kaɗai ya san halin da take ciki. In mutum ya zo awo, Baba ba ya gwada shi a tsaye ya sallame shi. Sai ya ce masa ya tsuguna, ya sake ɗora tef. A wurinsa wandon da bai iya tsuguno ba, ba a gama ɗinka shi ba.

Da wannan idon na zo Kanada, amma ban zo da sanin sanyi ba. Mu a gida muku-mukun sanyi shi ne daren da ma'auni ya sauko wajen digiri 10, a hura wuta a ƙofar gida, a ja bargo. A Winnipeg watan Janairu yana iya kai mutum digiri 30 ƙasa da sifili, kuma in iska ta taso ta filin nan da ba dutse ba tudu, har jiki ya ji kamar 40 ƙasa da sifili, fatar da aka bari a waje tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. A cikin wannan ake hawa bene ana ɗaure ƙarfe.

Hunturuna na farko na shiga wani babban kanti na ɗebo dogayen wandunan ciki na auduga guda uku, masu araha. Ba zan kama sunan kowa ba. Da safe suna da daɗi a jiki. Amma mai aikin ƙarfi yana gumi ko da ƙanƙara tana zuba, ita kuwa auduga in ta sha gumi riƙe shi take yi, ta manne wa fata. Da zarar ka tsaya hutun minti goma, sai ka ji kamar an naɗa maka jiƙaƙƙen tsumma a cinya. Kafin wata biyu gwiwoyin sun zama buhu, robar ƙugu ta saki tana zamewa ƙarƙashin wandon aiki, ɗinkin ciki kuma, mai kauri kamar igiya, ya goge mini matse-matsi har ya yi ja. Na ukun a hantsa ya yage wata rana da na sunkuya ɗaukar katako. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan ko ɗumi ba ta yi.

Wani dattijo da muke aiki tare, mutumin gabashin ƙasar nan, shi ya lura da yadda nake karkarwa a lokacin hutu. Ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna mini wani saƙi ruwan toka mai kauri, ya faɗa mini sunanku. Ranar da na karɓi albashi na je na saya.

Da na kawo shi gida ban saka ba tukuna. Na juya shi bai-bai na shimfiɗa a kan tebur, kamar yadda Baba yake yi wa ɗinkin wani in an kawo masa gyara. A nan na fara girmama ku. Saƙin mai layi-layi ne, irin wanda yake buɗewa in an ja shi ya koma in an sake shi, don haka yana bin cinya da ƙwauri ba tare da ya shaƙe su ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wandon ciki in ya yi yawa, iska mai sanyi tana yawo tsakaninsa da fata, ɗumin ya tafi. In ya matse kuma, jini ba ya gudana sosai, ƙafa ta fi saurin sandarewa. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan siririn wuri, kuma a nan kuka tsaya. Na bi ɗinkin da yatsa tun daga ƙugu har ƙasa, kwance yake, ba tudun da zai ci fata. Hantsa an ba ta haƙƙinta. Bayan wandon yana da tsawon da in ka sunkuya ba ya barin gadon baya a buɗe. Bakin ƙafa kuwa an tsuke saƙinsa ya kama idon sawu, ba ya tattarewa sama in ka zura wandon aiki a kai, ba ya yin dunƙule a cikin takalmi.

Sai na saka, na tsuguna a tsakar ɗaki. Ba inda ya ja, ba inda ya ɗaure. Na tuna da Baba har idona ya kawo ruwa.

Akwai wani alheri da kuka yi mana wanda na tabbata ba mu kuke tunani ba lokacin da kuka yi shi. Na karanta cewa a da kayan cikin sanyi haɗe suke, riga da wando abu ɗaya tun daga wuya har idon sawu, da maɓallai a gaba da wata 'yar ƙofa a baya. A shekarar 1915 Frank Stanfield ya yi rajistar tsarin da ya raba su gida biyu, riga daban wando daban. Ga wanda yake salla sau biyar a rana, wannan rabawar rahama ce. Kwanakin hunturu a nan gajeru ne, Azahar da La'asar, wani lokaci har Magariba, duk a wurin aiki suke samun mu. Mutum yana buƙatar kama ruwa da alwala cikin ɗan lokaci, a ƙaramin banɗaki, ba tare da ya tuɓe komai ba. Ina naɗe ƙafar wandonku sama in wanke ƙafa, in sauke, ta koma ta kama idon sawu kamar ba a taɓa ta ba. In yi ruku'u, in yi sujada, in zauna tahiya ina naɗe da ƙafa, gwiwar ba ta buɗe ta tsaya a buɗe. Babu gwajin da ya kai wannan tsanani ga wando, kuma ana yi masa shi kullum.

Shi ulu kansa baiwa ce ta Allah. Gashin tunkiya a lanƙwashe yake, yana tara iska a tsakaninsa, iskar nan ita ce ɗumin. Yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin fata ta ji jiƙa, shi ya sa gumin safe ba ya zame mini azaba da rana. Ba ya saurin ɗaukar wari kuma. Amma ulu yana da hali: kowane silin gashi yana da ƙananan ɓawo kamar na kifi, in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai su sarƙe da juna, tufa ta tsuke ta koma ta yaro. Kakanninku sun yi fama da wannan. Charles Stanfield ya taso daga Ingila, ya kafa masaƙarsa ta farko a 1856 a tsibirin Prince Edward, daga baya ya koma Truro, inda masaƙar take a bakin kogin Salmon har yau. A 1896 'ya'yansa John da Frank suka karɓi aikin, suka sa ƙarfinsu a kan kayan ciki na ulu da ba ya tsukewa a wanki. Lokacin ya zo daidai da rububin haƙar zinariya na Klondike a yankin Yukon, inda dubban mutane suka kutsa cikin sanyin da ya fi namu na Winnipeg, kuma a jikinsu sunanku ya bazu. Gidan nan har ya fitar da Robert Stanfield, wanda ya shugabanci gwamnatin Nova Scotia daga 1956 zuwa 1967. Amma abin da ya fi burge ni shi ne zuriya ta riƙe sana'ar kakanta fiye da shekara 160, a ƙaramin gari, a zamanin da masaƙu da yawa suka rufe ko suka kwashe aikinsu zuwa ƙetare. Ni da na ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar dubban magidanta ba aiki, na san abin da ake nufi da masaƙa ta ci gaba da numfashi a garinta.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wandon nan na farko yana nan. Da ruwan sanyi nake wanke shi, in shanya, ba na jefa shi a injin busarwa. Gwiwar dama, wadda nake durƙusawa a kanta, ta fara sirancewa a hunturu na huɗu, na ɗauki allura na cike ta, kuma saƙin ya karɓi zare bai warware ba. Tufa mai kyau ce kaɗai take yarda a gyara ta. Hantsa ba ta motsa ba. Ƙugu yana riƙe har yau. In na lissafa kuɗin wandunan araha da da na riƙa saya ina zubarwa duk shekara, naku ne mai sauƙin. Daga baya na ƙara da mai laushi na ulun merino, wato wata irin tunkiya mai laushin gashi, don ranakun da sanyin bai tsananta ba da kuma zuwa masallacin Juma'a a ƙarƙashin kaftani, ba wanda zai ce akwai wani abu a ciki.

Godiyata ta fi zuwa ga waɗanda ba a sa sunansu a takardar da ke jikin wando. Wanda ya zauna ya fitar da awo, ya yi tunanin mutum a sunkuye da mutum a kan tsani. Mai kula da injin saƙa. Mai yanka. Mata da mazan da suke zaune a kan keke tun safe, suna haɗa ɗinkin da suka san ba mai ganinsa, amma ba su yi masa ha'inci ba. Mai dubawa na ƙarshe da ya ja ɗinki ya ga ko zai buɗe. Na san ciwon bayan wannan zama, na san yadda ido yake yi da yamma. Aikinku ya iso jikin wani baƙo daga ƙasar rana, ya tsare masa lafiyarsa, ya bar shi ya nemi abincin 'ya'yansa a watannin da a da yake tsoron wayewar gari.

Ƙanena yana tafe karatu a watan Satumba, in Allah ya yarda. Na riga na tambaye shi awon ƙugunsa da tsawon ƙafarsa, na saya masa biyu na ajiye, mai kauri da mai laushi. Su zan fara miƙa masa in ya sauka.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara wa hannuwanku lafiya, ya bar masaƙar nan a bakin koginta. A gaishe mini da masu keke.

Naku da girmamawa,
Ɗan tela daga Fagge, mazaunin Winnipeg