A Riƙa Lissafa Kewaye Idan Ana Koyar da Entirofi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin malaman kimiyya kan wani giɓi da ake bari wajen bayanin doka ta biyu ta ilimin zafi da makamashi. Sau da yawa akan faɗa wa ɗalibi cewa entirofi, wato ma'aunin yadda makamashi ke bazuwa, ba ya raguwa, sai a tsaya nan. Wannan rabin magana ce, kuma tana rikitar da ɗalibai ƙwarai. Abin da dokar ta ƙunsa, tun daga aikin Rudolf Clausius, masanin Jamus da ya raɗa wa ma'aunin suna a 1865, shi ne jimillar entirofin abu da na kewayensa ce ba ta raguwa, amma na abin shi kaɗai yana iya sauka.

A dubi ruwan da ke daskarewa. Kowane giram na ruwa a kelbin 273 (kelbin ma'aunin yanayin zafi ne, kuma 273 shi ne sifiri a ma'aunin Selshiyas) yana fitar da zafi kimanin jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya zama ƙanƙara, kuma tunda ana samun sauyin entirofi ne ta raba yawan zafin da kelbin, idan aka raba 334 da 273 za a ga entirofinsa ya ragu da kusan 1.22. Zafin nan bai ɓace ba, iskar da ke kewaye ce ta karɓe shi. Idan iskar tana kan kelbin 263, ƙaruwar entirofin da ta samu, wato 334 a raba da 263, za ta kai kusan 1.27, wadda ta ɗara abin da ruwan ya rasa, shi ya sa daskarewar take faruwa da kanta. Idan kuwa iskar tana kan kelbin 283, ƙaruwar ba za ta wuce 1.18 ba, jimillar za ta ragu ke nan, saboda haka ruwan ba zai daskare ba, ƙanƙarar ce ma za ta narke. A ganina, ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya fi wanda ya haddace dokar fahimta nesa ba kusa ba.

Haka firji yake: yana sanyaya cikinsa, amma zafin da yake fitarwa ta bayansa ya fi wanda ya ɗebe, domin wutar lantarkin da injin ya ci ita ma zafi take komawa. Ko tsiron da ke girma bai saɓa wa dokar ba, tunda hasken rana yake amfani da shi, yana kuma saki zafi ga kewayensa.

Ina roƙon masu tsara tambayoyin jarrabawa da su riƙa neman ɗalibi ya lissafa sauyin ɓangarorin biyu, sannan ya haɗa su kafin ya yanke hukunci.

Naku,
Wani malamin kimiyya