Sanarwa: kar a ƙona buntun shinkafa tukuna

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu injin casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, wannan saƙon naku ne musamman.

Akwai ƙaninmu ɗalibin kimiyya da ke aikin kammala karatu kan batir, yana neman buntu busasshe, da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, kowanne a buhunsa daban, kar a cakuɗa, kuma wanda ruwa ko man inji bai taɓa ba. Rabin buhu ma ya isa.

Na san wani zai ce me ya haɗa buntu da batir, to ku ji, buntu wajen kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, tokarsa kuma mafi yawanta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, daga ita ake fitar da silikon da masu bincike ke gwadawa a batirin litiyam irin na wayoyinmu da na sola. In kuma aka gasa shi a tanderu ba iska yakan koma gawayi mai ƙananan ramuka da ke riƙe caji. A Finlan ma kamfanin Stora Enso daga itace yake yin nasa gawayin batir. Mu nan tuli guda muke ƙonawa a bayan inji, sai hayaƙi ya hana maƙwabta barci.

Ba kuɗi a ciki fa, kar wani ya fara min ciniki, taimako ne. Mai shi ya yi min magana ta gefe kafin Juma'a, za a turo mai keke napep ya ɗauka. Allah ya saka da alheri.