Zuwa ga Mai sunan Malam

Assalamu alaikum. Mai sunan Malam ina fatan kana lahiya, ya Yamai ya karatu. Mu nan gida sai godiyar Allah, mun gama kai gero gida, dami tamanin da ɗoriya muka samu a gonar hanyar Tibiri, ƙafar Innarka ma ta yi sauƙi har tana zuwa Islamiyya da kanta.

Na kira ka sau biyu ina kashewa tun bata shiga ba, don nasan halina, in na fara da baki faɗa zan yi, kai kuma ka yi shiru kana cewa to Baba to Baba har a rabu ba a ce komi ba. Shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Ɗan kawunka ya dawo ranar Talata. Ba tsegumi ya kawo ba, ni na matsa mishi da tambaya har ya faɗi. Yace kwana huɗu ya yi ɗakinku, ana kiran salla kana kwance da waya, asuba ko sau ɗaya bai ga ka tashi ba, kuma da dare ya ji ka da abokanka kana cewa addini gado ne kawai, da a ƙasar Sin aka haihe ka da wani abu kake bi, wai har tambayar addini ma ChatGPT kake yi wa. Wallahi tun ranar abinci baya min daɗi.

Kar ka ɗauka tsoron ilimi nake. Ni na kai ka lakkwal da hannuna, Malam yana raye, ka san abin da ya faɗa min a zaure ranar, ba sai na maimaita ba. Jami'ar da kake ciki sunan Abdou Moumouni aka sa mata, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a ci amfanin zahin rana tun mutane suna ganin abin kamar wasa, yau ga sola bisa rufin gidaje har ƙauyen kakarka. Sassabin zamani ma a nan ƙasar Maradi aka fara shi bayan yunwar 1984, da aka ce mu daina tone kututture mu bar toho biyu ukku mu gyara su, iyayenmu cewa suka yi gonar malalaci ce mai itace a ciki, yanzu dubi gawo da kalgo da ke gonarmu, iska ta daina binne shuka. Ilimi ne wannan, na gani da idona na yarda. Zancen Darwin ɗinka ma ban tsaya ga jita-jita ba, na je na samu mushen da ya koya muku kimiyya a lise, yace min littahin tun 1859 ya hito, kuma mutumin bai ce birin da muke gani shi ya haihi mutum ba, cewa ya yi wai asalinsu guda ne can da nisa. Ni dai ɗan Adamu ne, haka Alƙur'ani ya gaya min kuma a kan haka zan mutu. Amma mushen nan shekara nawa yana koyar da wannan darasi, kuma sahun gaba nake ganinsa a masallaci. To kai me ka karanta da ya hi nashi?

Shekaruna sittin da ɗaya, na ga manyan maganganu sun zo garin nan kamar guguwa. A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo a kunne dare da rana, muka ce dimokuraɗiyya ta zo talauci ya ƙare. Ba a cika shekara ukku ba, Janairun 1994, muka wayi gari an karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin, ni ina da bashin kaya a Kotonu, dare ɗaya rabin jarina ya tahi, mutanen da suka yanke hukuncin ko sunan kasuwar Maradi basu sani ba. A 2023 kai kanka shaida ne, aka ruhe iyaka, Najeriya ta yanke kuran, hanyar Ɗan Isa da muke bi zuwa Jibiya kamar tsakar gida ta zama sai a ɓoye, ga sojan Faransa sun kwashe kayansu kafin shekara ta ƙare, matasa na murna mu muna lissahin kuɗin shinkafa. Ban ce duka ƙarya ba ne, cikin kowanne akwai gaskiya, ni ma ina son ƙasar nan ta tsaya da ƙafarta. Amma duk waɗannan na shige su ne ina da inda nake sa goshina. Ranar da jarina ya karye, da ba don sallar asuba ba ban san abin da zan aikata ba, Innarka ce kaɗai ta san halin da na shiga.

Nasan zaka ce ai ni ma na yi wa Malam gardama. Gaskiya ne. Lokacin da wa'azin Izala ya shigo mana daga Najeriya ina saurayi, jini na tafasa, na ƙi zuwa maulidi, na ce wa mahaihina wazifarsa bidi'a ce a gaban almajiransa, wata bakwai bamu ci tuwo kwano ɗaya ba. Har gobe in na tuna sai na nemi gafara. Amma ka ji bambancin, ni da shi in ladan ya kira duk tashi muke, shi ya saki hannu ni na kama ƙirji, alƙibla guda. Gardamarmu cikin gida take. Kai kuwa ƙofa kake nema.

Salla, Mai sunan Malam. Salla! Kai da ka sauke Alƙur'ani kana shekara sha ukku, aka yanka sa, Malam ya ɗora hannu bisa kanka yana kuka. Sunansa kake ɗauke da shi. Baka ji kunya ba ladan na kira kana danna waya, na'urar nan ChatGPT da ko shekara biyar bata yi a hannun mutane ba, wadda ta tattara maganganun mutane masu gaskiya da maƙaryata tana juya maka su, bata san mutuwa ba, ba za a tashe ta ba, ita ce malaminka yanzu? Hanyar Yamai zuwa Maradi ta hi kilomita 600, mota nawa ta kihe tsakanin Doso da Konni muka je muka ɗauko gawa. Abin da ke hana ni barci kenan, a bugo min waya a ce ɗanka, ni kuma in tsaya bakin kabari ban san ko ka yi sallar ranar ba. Kuma ni za a tambaya, don ni na cire ka daga gaban allo na kai ka aji.

Ka yi haƙuri, zuciya ce. Ban tsine maka ba kuma ba zan yi ba, ko a mafarki. Mai yiwuwa laihina ne, kullum kasuwa, in ka yi tambaya tun kana yaro sai in ce rufa min baki. Yanzu ka kawo tambayoyin, duka, har waɗanda kake jin nauyin faɗa. Wanda na sani in amsa, wanda ya hi ƙarhina mu tahi tare wurin masu sani, ba masu zagi ba. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka ajiye salla kana jiran sai ka gama samun amsa, ka riƙa yi kana tambaya.

Innarka bata san komi ba, na hana ɗan kawunka faɗa mata, ka kira ta ranar Juma'a. Na aika maka jikka ashirin, ka sayi bargo sanyi ya fara, sauran ka riƙe na mota in an ba ku hutu. Gobe da asuba zan buga maka waya, ka ɗauka ko baka ce komi ba. Allah ya yi maka albarka.

Babanka