Godiya ga ofishin da ya riƙe mana 'ya a Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam, shugaban ofishin da ke kai ɗalibai karatu Masar, da ma'aikatansa na nan Kano da na can Alƙahira.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da tukwicin da ya kai abin da kuka yi mana, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a bainar jama'a. Na nemi izinin Malam in ambaci sunan ofishin, ya ce in rufa masa asiri kada a ce talla ya sa ni. Na bi maganarsa. Ita ma yarinyar ba za ku ga sunanta a nan ba, 'yar fari ce, kun san al'ada.

Kafin mu zo wurinku mun riga mun ƙone sau ɗaya. Tana shekara ta biyu a Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, a goman ƙarshe na azumi. Mutumin da ya kai ta can, wanda ya rantse mini cewa 'yarsa ce, tun rana ta biyu wayarsa ta daina shiga. Da motocin da aka kwashi 'yan Nijeriya ta fito, suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar, daga baya aka ɗauko su ta Aswan a watan Mayu. Ta dawo da jaka ɗaya, littattafanta duk suna can. Ranar na ce na gama tura ɗa ƙasar waje. Wata shida tana zaune a gida tana ramewa, mahaifiyarta na kallona ba ta cewa komai, har wani aminina ya ja ni ya kawo ni ofishinku.

Malam, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ka yi mini daɗin baki ba. Ka ce shekarunta na Sudan da wuya a lissafa mata su, sai ta zauna jarrabawar auna matakin Larabci, sai an yi wa takardunta mu'adala, wato a daidaita su da na makarantun Masar, kuma tana iya asarar shekara ko fiye kafin ta shiga kwalejin 'yan mata ta Azhar. Ban ji daɗin maganar ba. Sannan ka jawo takarda ka rubuta kuɗin jirgi daban, na haya daban, na abinci daban, ladan ofis a ƙasa shi kaɗai, kowanne da fam na Masar da kuma naira. Ka tambaye ni ko tana da wata lalura, da kuma wanda za a kira idan abu ya faru da tsakar dare. Wancan na farko, lambar asusun banki kawai ya ba ni.

Daga baya na gane cewa ƙarfin ofishinku yana wajen mutanen da kuka ajiye a can. Biza da tikiti kowa na iya nema wa mutum. Ku kuna da mutum uku a Alƙahira: Ustaz, wanda ya gama Azhar ya kuma zauna garin fiye da shekara goma, wata baiwar Allah da yaran ke kira Anti, mai kula da gidan 'yan mata a Madinatu Nasr, da wani Bamisre da aikinsa kawai bin takardu. Ka gaya mini ƙa'idoji biyu da ba ka karyawa: ba ka ɗaukar ma'aikacin da bai yi karatu a ƙasar ba, kuma ba ka damƙa kuɗin ɗalibai a hannun ɗalibi ɗan uwansu. Na biyun nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ɗalibi yana da jarrabawarsa da yunwarsa, idan aka ɗora masa amanar mutum ashirin an zalunce shi an zalunce su.

Ku dubi maganar iƙama, wato takardar izinin zama. Tun 2019 aka ɗauke ofishinta daga Mujamma'a, babban ginin ofisoshin gwamnati da ke dandalin Tahrir, zuwa unguwar Abbasiyya, kuma duk wanda ya taɓa zuwa ya san sammako ake yi, a yini a layi, a ƙarshe a ce maka bukra, wato gobe. Yarinyar ta turo mini hoton wani allo da ke bangon ofishinku na can: sunan kowane ɗalibi da ranar da iƙamarsa za ta ƙare, wadda ta rage wata biyu an zagaye ta da jan biro. Bamisren nan shi ke haɗa su rukuni-rukuni, ya duba fasfo da hotuna da takardar shaidar makaranta tun daren jiya, ya tsaya tare da su har a karɓa. Allo ne da biro kawai, amma saboda shi ba ta taɓa kwana ɗaya a Masar da matacciyar takarda ba.

Sai harshe. Mu nan muna ganin duk wanda ya iya i'irabi, wato feɗe jimla bisa nahawu, ya gama da Larabci. A makonta na farko ta tambayi kwandasta hanya da tsantsar Larabcin littafi, mutumin ya dube ta ya ce sadaƙallahul azim, mota ta ɗauki dariya. Larabcin Sudan da ta ɗan koya ma bai cece ta ba, tunda mutanen Alƙahira jimun ma "ga" suke furta shi. Darasin yaren kasuwa na mako biyu da Ustaz ke yi wa sababbin zuwa shi ya koya mata cinikin tumatir da yi wa mai gadin bene magana.

Abin da ya sa mahaifiyarta ta tsare ni sai na rubuta wannan takarda ya faru ne a sanyin Janairu. Zazzaɓi ya rufe yarinyar da ƙarfe biyun dare, numfashi na yi mata wuya. Anti ta naɗe ta a bargo, ta kira mota, ta kai ta asibiti. Ba ta tashe mu a lokacin ba. Sai da likita ya duba ya ce ciwon ƙirji ne na sanyi, aka sa mata ruwa, sannan bayan asuba ta kira, ta fara da cewa "Hajiya, 'yarki lafiya lau, ga ta ku gaisa," kafin ta ba da labari. Da rana hoton rasit ya shigo wayata, har da na kuɗin mota. Kwana uku tana dama mata kunun gyaɗa.

A Maris na 2024 Masar ta sakar wa kasuwa darajar kuɗinta, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini ɗaya, ga naira ita ma tana tangal-tangal, ga haya ta yi tsada tun da 'yan gudun hijirar Sudan suka cika garin. Mai gida ya zo da maganar ƙari. Ustaz ya fito masa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, aka bar shi sai ƙarshen shekara. Ku kuma kuka turo wa iyaye sabon lissafi dalla-dalla, ladanku bai motsa ba.

Ni tsohon malamin tarihi ne, ku yi mini haƙuri da wannan. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina wa ɗalibansu da alhazansu makaranta da masauki a Alƙahira, kuma a masallacin Azhar har an yi riwaƙin Barnawa, wato sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Magabata ba su aika yaro haka kawai ba, sai da suka tanadar masa inda zai sauka da wanda zai kula da shi. Da na ga tsarinku sai abin ya faɗo mini a rai.

Ina da ƙorafi ɗaya, kuma a fili zan faɗa. Anti ita kaɗai ce a kan 'yan mata da yawa. Ranar da ita ma ta kwanta fa? Malam, a samo mata mataimakiya, ko da za a ƙara mana wani abu, ni dai na amince. Sannan tunda hutun Masar Juma'a da Asabar ne, namu kuma Asabar da Lahadi, a sa wani ya riƙa riƙe wayar ofishin Kano ranar Lahadi, don ranar aiki ce a can.

Yarinyar ta wuce matakin Larabci, ta shiga kwaleji. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyaye, Ya raya zuri'a. Mahaifiyarta ta haɗa saƙo, kilishi da yaji da kuka da daddawa, zan kawo ofis kafin ɗaliban da za su tashi a wata mai kamawa su ɗaure kaya. Ƙullin da aka ɗaure da jan zare na Anti ne, kada yaran su taɓa.

Naku,
Mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku,
Kano.